Gibin da Yaya Dabo Ya Cike

Ni Aina'u, tun ina yarinya aka san ni da baki. Ko a gidan miji ba a yi mini shaidar haƙuri ba, Allah ya ji ƙan Malam, ya sha fama. Amma duk ƙauyenmu, nan gabas da Tsanyawa, akwai mutum ɗaya da in ya yi gyaran murya nake haɗiye maganata ko ta kai bakin leɓe. Yaya Dabo ke nan, wanmu, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar Baba. Gonarmu ta gado ce aka raba, layin gamba ne kawai tsakanin tawa da tasa. Mu a nan gona ba ta da sarari. In ka yi atishawa a taka, maƙwabci ne zai yi maka addu'a daga tasa.

Bara da rani 'yata Zulaihatu ta samu ciki, aka cire 'yarta Nuriyya daga nono tana shekara ɗaya da rabi, aka kawo mini ita yaye kamar yadda aka saba. Yarinya kyakkyawa, sai dai taurin kai, kuma kar wanda ya tambaye ni inda ta gado shi. Wake, ko ƙamshinsa ta ji sai ta datse baki. Ƙwai ta tofar. Kifi ta kau da kai kamar an nuna mata allura. Abu ɗaya take sha a duniya, kokon masara, shi kuwa sai ta shanye kofi biyu ta miƙo tana neman na uku. Ciki ya yi tulu, ƙafafu kamar sillen kara, gashi ya fara ja. Wata uku ina kai ta awo, sikeli yana nan inda na bar shi. Ma'aikaciyar asibitin ta dube ni ta ce, "Inna, yarinyar nan tana ƙoshi, amma ba ta ginuwa." Ranar na dawo gida na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Ana saura 'yan makonni damina ta faɗi sai ga Malama Sadiya, malamar gona, 'yar siririya da tabarau. Ta tara mu mata a harabar firamare, ta fito da wani ɗan akwati mai gilashi a sama da tocila a ciki. Ta ɗora tsabar masara iri biyu, ta lulluɓe da mayafinta, muka dinga leƙawa ɗaya bayan ɗaya. Tamu ta gida haske ya ratsa ta tas. Tata kuwa akwai ɗan duhu wajen gindi. Na ce, "To Malama, ai tamu ta fi kyau."

Ta yi dariya ta ce, "A ido kam, Inna."

Sai ta shiga bayani. Ta ce masarar da muka sani tana da abincin gina jiki, amma mai rauni ne. Akwai wasu abubuwa biyu da jikin yaro ke nema kafin ya yi tsoka, su kuwa kaɗan ne a cikinta. Ta faɗi sunayensu da Turanci, ban riƙe ba, ɗaya dai kamar sunan maganin tari. Ta ce to can a wata ƙasa, tun da daɗewa, aka ci karo da wata masara da halittarta ta sauya da kanta. Wata 'yar ƙwayar halitta guda ɗaya ce ta gurgunce a cikinta. Aikin wannan ƙwayar da ma shi ne ta sa tsaba ta cika cikinta da wancan mai raunin. Da ta daina aiki, sai tsabar ta cike gurbin da mai kyau, abubuwan nan biyu suka kusan ninkawa.

Na ce, "Ikon Allah! Wato nakasa ce ta zame mata alheri?"

Ta ce, "Ita ce kuwa. Sai dai da farko tsabar taushi ta yi kamar alli, ƙwari suka samu gidan biki. Shekaru masana suka yi suna aura ta da wasu kafin ta yi tauri irin wannan."

Daga nan ta zo kan sharaɗi. Ta ce wannan hali ba ya fitowa sai tsaba ta gaje shi ta wajen uwa da ta wajen uba. Mata suka kwashe da dariya, wai yau masara ta yi uba. Malama ta bari muka gama, sannan ta ce furen nan na can saman kara, wanda ke zubo da bununi, garin nan rawaya, shi ne uban. Gemun da ke fitowa a goyo shi ne uwar, kowane silin gemu da tsabarsa guda. Idan iska ta ɗauko bununin masarar gida ta sauke a kan sili ɗaya, tsabar da ke ƙarshensa ta koma 'yar gida ke nan, a wannan daminar, ba sai baɗi ba. Kuma kara ɗaya tak yana zubar da bununin da zai ishi gona.

Kwano ɗaya aka ba ƙauyenmu gaba ɗaya. Ana neman wadda za ta shuka shi nesa da kowace masara, ta ci, ta kuma raba iri. Malama ba ta rufe baki ba na ɗaga hannu. Tunda koko Nuriyya ta zaɓa, to ta koko zan biyo mata.

Nesa da kowace masara! A ƙasar nan tamu! Kwana uku na yi ina bin gidaje. Allah ya taimake ni yawanci gero da dawa da gyaɗa ake yi a kewayena. Muhammadu Sani, maƙwabcina na arewa, ya so ya ja, na tuna masa akuyarsa da ta cinye mini rama shekara biyu a jere ban ce uffan ba, wanda duk garin ya san ƙarya ne, don na yi magana har na gaji. Ya yi dariya ya ce zai sa gero. Saura Yaya Dabo.

Shi Yaya duk shekara a gindin gamban nan yake shuka masarar Baba. Fara ce, doguwa, da ja-ja a gindin kara. Tun kafin a haife ni Baba ke juya irinta, bayansa Yaya ya ci gaba, yana rataye ta a saman murhu hayaƙi na tsare ta. Ku gaya mini, da wane baki zan tsaya gabansa in ce masarar ubanmu ba ta gina yaro? Na je na durƙusa, na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye. Ƙarshe na ce, "Yaya, dokar ofis ce. Wai malamar tana so ta auna gonata ita kaɗai, kar a ga wata masara kusa." Ya yi tsaki ya ce 'yan boko ba sa rasa abin awo. Amma ya yarda, ya ce bana zai kai tasa can fadama. Na fito ina jin daɗin wayona.

Ruwa ya sauka sosai, na ɗauki sungumi na shuka kwanon nan tas, ko ƙwaya ban rage ba. Kwana huɗu da shuka Nuriyya ta kwanta, gudawa da zazzaɓi. Kwana tara muka yi a asibiti, ina zaune a bakin gado, rabin hankalina yana kanta, rabi yana gona, don na ji an ce ruwa ya ɗan ɗauke kuma fakara suna tonon shuka. Da aka sallame mu, ko kaya ban sauke ba na goya ta na nufi gona. Abin mamaki, ga shuka nan layi-layi, kore shar, babu gibi ko ɗaya. Na ce kai, irin Malama iri ne! Har na yi ta ba mata labari a bakin rijiya cewa masarar boko ko fakara tsoronta suke ji.

Na yi noman firi, na yi maimai, na zuba mata takin awaki har sai da masu wucewa suka fara tsayawa kallo. Na lura wasu karare sun fi 'yan uwansu tsawo, na ce to, ko a ɗaki ɗaya ai ba a rasa mai ci da yawa.

Mako bakwai da shuka Malama Sadiya ta dawo dubawa. Na tare ta da fara'a, na shiga gaba ina nuna mata kamar mai kai baƙo ɗakin amarya. Ta bi kunya ta farko shiru. A ta biyu ta tsaya gaban wani dogon kara, ta gyara tabarau, ta tsuguna ta dubi gindinsa. Ta matsa gaba ta sake tsugunawa.

Ta ce, "Inna, irin da na ba ki kaɗai kika shuka?"

Na ce, "Haba Malama! Ni fa ce."

Ta ce, "To wannan ba nawa ba ne. Dubi jan nan."

Na sunkuya na duba. Ja-jan nan na san shi tun ina rarrafe. Sama da wata guda ina nome gindinsa, idona ya gani, zuciyata ta ƙi faɗa mini.

Muna nan tsaye sai ga sallama daga bayan gamba. Yaya Dabo ne, fartanya a kafaɗa, fuska cike da murmushi. Ya gaisa da Malama, sannan ya dubi gonar ya gyaɗa kai irin na wanda ya yi aiki ya ga kyansa.

Ya ce, "Malama, kin ga yadda ta cika ko? Ai da kin zo lokacin da wannan ke asibiti, da kin yi kuka. Fakara sun tone kusan kashi ɗaya cikin biyar. Na ce ina raye gonar ƙanwata ba za ta zauna da gibi kamar bakin tsohuwa ba. Asuba biyu na yi ina cikewa. In kin zo awonki sai ki samu abin aunawa."

Haka ake yi a wajenmu. Ɗan'uwanka yana jinya ko ya yi tafiya, ka ga gibi a shukarsa, ka ɗebo irinka ka cike, kuma ba ka zuwa ka faɗa, don kar ya zama gori. Ni kaina na yi wa mutane. Amma a ranar ban tuna da wannan ba. Sikeli kawai na gani a idona. Shekara hamsin ina haɗiye magana a gaban mutumin nan, ranar duk ta fito.

Na ce, "Yaya, ka kashe ni! Wa ya aike ka? Na bi gari gida-gida ina roƙo, na raba gonar nan da kowace masara, ashe a cikin gida za a yi mini aika-aika! Masarar Baba cika ciki ce kawai, ba ta gina kowa! Ita yarinyar nan take sha wata da watanni, ga ta nan kamar tsinke!"

Malama ta shiga gyaran mayafin da bai zame ba. Murmushin Yaya ya tafi a hankali. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da na fi samun sauƙi.

Ya ce, "Aina'u, dokar ofis kika ce mini."

Gaskiyarsa ce.

Ita Malama, Allah ya yi mata albarka, ita ta shiga tsakani. Ta yi masa bayanin da ta yi mana, da ladabi, tana Baba kaza, Baba kaza. Ta ce masararsa ba ta da laifi, ta ciyar da mutane shekaru, sai dai ga ƙaramin yaro da ba ya cin komai sai ita, ba ta isa. Ta ce kuma ba a makara ba. Furen saman bai buɗe ba tukuna, amma yana bakin fitowa, jibi ko gata zai fara zuba. Ba sai an tumɓuke ba. A bi kowane kara nasa a zare furen tun yana cikin ganye, goyon da ya yi kuma a karya shi daban a gasa, kar ya shiga cikin iri.

Na ji sanyi a raina, na ce alhamdulillahi, abu ya zo da sauƙi. Sai na ga Yaya bai motsa ba.

Ya ce, "In aka zare furen, goyon nawa bununin wa zai sha?"

Malama ta ce, "Na sabuwar, Baba."

"To abin da zai haifa, in aka shuka, masarar Baba ce?"

Ta ce, "A'a. Ruwa biyu ce."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Wadda na kai fadama, ruwan makon jiya kwana biyar ya yi a kanta, ta ruɓe har saiwa. Ɗan abin da na rage a ƙwarya kuwa, shi na zuba a nan." Ya nuna gonata da haɓa. "Duk duniya wannan ce ta rage."

Ya gyara fartanyarsa ya tsallake gamba ya tafi. Ni na sa ya kai ta fadamar, da ƙaryata. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ga kuma tsoro, don jibi ba nisa.

Washegari da na idar da sallar asuba na goya Nuriyya na ɗaura ɗamara, na ce ko Yaya zai daina gaisa da ni har abada sai na zare furen nan. Da baki abin da sauƙi. Dogayen masu jan gindi sosai na gane su. Amma akwai matsakaita, jan nasu ya dishe, wasu ƙasar maimai ta rufe gindin. Wannan nasa ne ko na Malama? In na zare duk wanda nake shakka, na rage wa gonar uba. In na bar ɗaya, aikin banza na yi. Na tsaya a tsakiyar gona raɓa ta jiƙa mini zane, ina zagin fakara, ina zagin kaina. Nuriyya kuwa tana baya tana jan ganye tana dariya, ko a jikinta.

Sai na ji gyaran murya. Ban juya ba, don ban san da wace fuska zan dube shi ba.

Ya ce, "Wannan da kika kama ba nawa ba ne. Sake shi."

Na saki.

Ya ce, "Ke a tsakiyar kunya kike shuka, biyu-biyu. Ni a gefen gabas nake sawa, uku-uku, yadda Baba ya koya mini. Shekara nawa kina noma kusa da ni ba ki taɓa lura ba? Baki dai, baki dai."

Na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ya ce, "Matsa ki ba ni hanya, rana na yi."

Ya naɗe hannun riga ya shiga kunyar farko. Sai ya lanƙwaso kara a hankali, ya zura yatsu cikin ganyen sama, ya zaro furen ɗanye, fat, ya miƙo mini ba tare da ya waiwayo ba. Ina biye da shi ina karɓa. Ko sau ɗaya bai tsaya shakka ba, kowanne ya san shi. Wani wajen har magana yake yi musu ƙasa-ƙasa, ban ji me yake cewa ba, ban kuma tambaya ba. Muhammadu Sani ya leƙo daga cikin geronsa ya ce, "Lafiya, Malam Dabo, yau kaciya ake yi wa masara?" Yaya ya ce, "Ka zo in haɗa da kai." Na yi dariya hawaye na zuba.

Hantsi ya dubi ludayi muka kai kusurwar ƙarshe, hannuna ya cika da fure har ina dannewa da haɓa. A can gindin gamba, dab da iyakarsa, akwai rami ɗaya mai kara uku. Ya zare biyu. Na ukun shi ya fi duk gonar tsawo da kauri, furensa har ya leƙo. Yaya ya kama shi ya tsaya, ya daɗe a tsaye.

Zuciyata ta karye. Na ce, "Yaya, bar wannan. A ƙarshen gona yake, iska ma ba nan take bi ba. Guda ɗaya dai, ko don Baba."

Ya juyo ya dube ni, sannan ya dubi bayana, inda Nuriyya ta yi barci, ƙafafunta na reto ta ƙasan zane. Ya miƙa hannu ya kama ƙafar guda, ya zagaye ta da yatsa biyu, yatsun suka haɗu har da saura.

Ya ce, "Malama ta ce kara ɗaya ya ishi gona. Ina ce kina wurin?"

Na ce, "Ina wurin."

Ya ce, "Baba bai san yarinyar nan ba ne. Da ya gan ta, da bai jira mu ba."

Ya lanƙwaso karan ya zare furen. Wannan bai miƙo mini ba, ya sa shi a aljihu. Ya ce in je in dama wa yarinya koko kafin ta tashi, shi zai sake bin gonar daga farko, ko akwai wanda ya tsallake.